An Ba Ni Kula da Ginin Kawu, Amma Ba a Jin Maganata

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 27, a Gwammaja nake. Na karanta injiniyan gine-gine, shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasa. Tun rasuwar mahaifinmu, Kawuna, yayan Ummanmu, wanda yake kasuwanci a Kwari, shi ya riƙe mu, shi ya biya karatuna. Bara ya fara gina rukunin shaguna a wajen Sabuwar Gandu, ya ce ni zan kula da aikin. Zanen da hukuma ta amince da shi shaguna ne a ƙasa da bene hawa ɗaya, tsawo mita 20, faɗi mita 10. Yanzu da muka zo ɗaurin rodin dekin, sai Kawu ya ce za a ƙara hawa na biyu a yi sito, har wasu sun ba da kafin alƙalami. Tsohon magininsa da suka fi shekara 20 tare ya ce ba komai, ya sha yin haka. Ya sa an sayo rodi mai 12 a inda zane ya ce mai 16, ya kuma ce kwana 10 sun isa a cire katako. Shi Kawu yake ba kuɗi, ni sai dai in ga tifa ta juye. In na yi magana a ce boko ne yake ɗiba ta. Umma ta ce kada in kuskura in ja da wanda ya riƙe mu. Amma duk baƙon da ya zo wurin, ni ake nunawa a ce ga injiniyan. Barci ya gagare ni. In ajiye aikin a ce na yi butulci, ko in ja bakina in yi shiru?

Wa alaikumus salam ɗana.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, inda na fi tsayawa kuwa shi ne wurin da ka ce kai ake nunawa. Ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, babu wanda zai tambayi wa ya karɓi kuɗin rodi. Cewa za a yi ina injiniyan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka rashin barcin nan naka yana da dalili, kada ka bari wani ya ce maka tsoro ne irin na yara.

Zan fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba. A halin yanzu ba kai kake kula da ginin nan ba. Mai kula da aikin gini, wanda kamfanoni suke kira manajan aiki, ba a sayen kaya bai gani ba, ba a biyan ma'aikaci bai auna abin da ya yi ba, in kuma ya ce a dakata, dakatawa ake yi. Shi ne yake tsakanin mai gini da mai zane da injiniyan da ya lissafa rodi da magina da leburori, yana duba cewa abin da yake a takarda shi ne yake tashi a ƙasa, cikin lokacin da aka ɗiba da kuɗin da aka ware. Shi zai tuna cewa mai waya da mai famfo sai sun shimfiɗa bututunsu kafin a zuba dekin, in ba haka ba wata mai zuwa a dawo ana fasa kankare da guduma. In an ce zubi ranar Asabar, tun Alhamis ya tabbatar yashi da tsakuwa da tankar ruwa da man injin kwaɓi suna wurin, domin ba a zuba rabin dekin a ce a jira siminti. Ba lallai ya fi birkila iya jera bulo ba, yawanci ma bai kai shi ba. To a cikin duk waɗannan, wanne ne a hannunka? Hular kwano aka ba ka da suna.

Kada ka ɗauki Kawu mugu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin tifa ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10, rodi kuwa dala yake bi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a Kwari, in kaya sun yi tsada neman wurin ragewa yake yi, in ya ga kasuwa ta buɗe sai ya ƙaro dila. Da wannan idon yake kallon gini: hawa na biyu a wurinsa kamar ƙarin kanta ne a shago. Ga shi kuma ya san ka tun kana yawo da gajeren wando. Yana alfahari da kai, shi ya sa yake nuna ka ga baƙi, amma kunnensa bai saba jin "a'a" daga bakinka ba.

Shi ma Baba magini, da ya ce ya sha yin haka, ban ce ƙarya yake yi ba. Gine-gine da yawa a garin nan da ido aka yi su, suna nan tsaye. Kai ka san dalili tun daga aji: in injiniya zai yi lissafi, yana barin rarar ƙarfi saboda kuskure da tsautsayi. Wannan rarar ce take rufa wa masu yanke hanya asiri, su kuma su ɗauka gwanintarsu ce. A ginin Kawu ana son a ci rarar ta baki uku a lokaci guda, a ƙara nauyi, a rage rodi, a cire tokari da wuri. Ido ya san kima a wurin filasta da miƙewar bango, a nan Baba ya fi ka nesa ba kusa ba. Abin da fandisho zai iya ɗauka kuwa ido ba ya ganinsa, an riga an binne shi.

Ga lissafin da nake so ka tafi da shi a ka, domin shi ne yaren da ɗan kasuwa yake ji. Dekin mai kaurin inci 6, kowane murabba'in mita ɗaya nauyinsa ya kai kilo 360. Naku mita 20 ne sau 10, ka ga tan 72 ke nan. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ce. Wato kusan tirela biyu da rabi za a ɗora a wurin da zane ya tanadi katako da kwanon rufi kawai. Ba a sa bulon bango ba, ba a sa matakala ba. Sannan sito aka ce, ba ofis ba. Kawu ya fi ni da kai sanin nauyin dilar shadda, ya san yadda ake jibge su har su taɓa rufi. Duk wannan a kan filoli da fandishon da aka lissafa wa hawa ɗaya zai sauka. Kuma ka binciki tarihin filin. Mu da muka girma a Kano mun san kududdufai nawa aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka fuloti a kai. An gwada ƙasar wurin kafin a fara haƙa? In ba a yi ba, ka faɗa wa duk wanda zai sake duba lissafin.

Maganar rodi ta fi ruɗar mutane, domin 12 da 16 a kunne kamar 'yan'uwan juna ne. Ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne in an yanke shi, mai 16 yana da murabba'in milimita 201, mai 12 yana da 113. Da kaɗan ya wuce rabi. In zane ya ce a sa masu 16 guda 4, sai ka jera masu 12 guda 7 kafin su kusa kamo su. Ka yanko guntu ɗaya-ɗaya ka sa a aljihu, ka ba Kawu ya auna a tafin hannunsa. Ka kuma riƙa tafiya da ma'aunin kauri in za a yi sayayya, domin ba duk rodin da aka kira mai 16 ne yake cika 16 ba.

Katako kuma, kankare sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da aka lissafa masa, a kwana 7 bai fi kashi biyu cikin uku ya samu ba. Na gefen fila ana iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokarin da yake ƙarƙashin dekin da bim, wato kankaren da yake kwance a kan filoli yana ɗauke da dekin, mako uku aka saba bari, in kuwa za a yi wani zubin a sama sai a ƙara masa. Na san abin da yake sa gaggawar: kafinta yana son katakonsa ya kai wani aikin, ko ana biyan haya. Wannan matsalar kuɗi ce, da kuɗi ake maganinta. Kada kuma a yi wasa da ban ruwa, safe da yamma har kwana 7 aƙalla, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Zafin Afrilu a Kano da busasshiyar iskar hunturu duk suna zuƙe ruwan kankare kafin ya nuna. Ranar zubi kuwa kada ka zauna a inuwa. In awon buhu ɗaya ne da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa, ka tsaya ka ƙirga, domin in rana ta take leburori sukan ƙara ruwa don kwaɓin ya yi musu laushi, ƙarfin kankaren kuma ya bi ruwan.

Ba labarin wata ƙasa nake ba ka ba. A ƙarshen Agustan 2022 wani bene da ake kan ginawa a titin Beirut, wajen masu sayar da waya, ya rufto ya danne mutane. Kawu ya ji wannan, wataƙila ma ya je ya gani.

Sai dai kada ka fara masa da maganar rushewa. Da ka ce zai faɗi, zai ce bakinka ya sari ɗanyen kashi, magana ta mutu. Kada kuma ka tare shi a wurin aiki gaban leburori, ko a kasuwa gaban yaran shago, inda in ya yarda da kai kamar ya ba da kai ne. Ka same shi a gida bayan isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce, "Kawu, akwai asarar da na hango maka, ban ga ya dace in yi shiru ba." Ka fara da hukumar KNUPDA, mai tsara birni da ba da izinin gini a Kano: takardar da take hannunsa ta hawa ɗaya ce, in aka ɗora na biyu ba izini, ana iya zuwa a shafa jan fenti a tsayar da aikin, kuɗinsa su kwanta, masu kafin alƙalami su fara sintiri. Daga nan ka kawo tirela biyu da rabi. Daga nan guntayen rodin.

Kada ka nemi ya yarda da kai a daren. Abu ɗaya za ka roƙa: a kira injiniyan da ya yi lissafin farko, ko wani babba mai rajista da COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya duba kafin a zuba. Wanda ya gama bautar ƙasa shekara biyu da suka wuce da wuya a ce hatimi ya zo hannunsa, kuma wannan garkuwa ce a gare ka. Ka ce, "Kawu, ni ban isa in sa hannu a ƙarin hawa ba, doka ba ta ba ni ba." In da hali ka samo mai furfura, ko cikin malamanka na jami'a. Maganar da Kawu ya ƙi ji a bakinka zai ji ta a bakin sa'ansa, kada hakan ya ɓata maka rai. Mai yiwuwa injiniyan ya ce ana iya ƙarawa in an faɗaɗa fandisho an ƙara wa filoli kauri, ya faɗi kuɗin. Mai yiwuwa ya ce ba hali. In ya yiwu, sai a gyara zane a mayar wa hukuma. Ko ta yaya, Kawu ya samu farashi a gabansa, shi kuwa da farashi ya iya shawara.

Kada ka je hannu rabbana, ka tafi masa da wurin da zai rage. Tayil mai tsada, adon gaban gini, silin mai ƙawa, duk suna iya jira, babu wanda rashinsu ya taɓa kashewa. Rodin da aka riga aka sayo bai zama asara ba, ana iya komawa Ƙofar Ruwa a yi musaya a cika kuɗi, wani kuma ya shiga linta, kankaren saman ƙofa da taga, in zane ya yarda. Abin da ba zan so ka sassauta ba shi ne a bar 'yan haya su shiga shagunan ƙasa alhali ana zubi a samansu.

In wannan ta wuce, sai ka nemi aikinka na gaskiya, shi ma da yaren shago. A shagon Kawu ba a fitar da yadi ɗaya ba a rubuta ba, to me ya sa tifar tsakuwa za ta shigo ba rasit? Ka buɗe littafi: abin da ya shigo, abin da aka yi amfani da shi, ma'aikata nawa suka zo. A riƙa biyan kuɗin aiki mataki-mataki bayan ka auna. Kada a rufe rodi da kankare sai ka duba ka ɗauki hoto. Ranar zubi a ɗebi kwaɓin a 'yan akwatunan gwaji a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. Kullum da yamma ka tura wa Kawu taƙaitaccen bayani ta WhatsApp, ko bai amsa ba. Ban ce ka zargi Baba magini da cin kamasho ba, ba ka da hujja, ni ma ba ni da ita. Littafi yana wanke mai gaskiya. Ka ci gaba da ce masa Baba, ka nemi shawararsa a gaban leburori kan abin da ya ƙware, in gyara ne ka ja shi gefe. Dattijon da ya ga ba kujerarsa ka zo ƙwacewa ba, sau da yawa shi yake komawa mai kare maka magana a wurin maigida.

Yanzu maganar butulci, wadda na san ita ce ta fi ci maka rai. Shekarun baya na ba wani ɗan'uwana kula da ginin gidana. Na ga abubuwan da ban gamsu da su ba, kunya ta hana ni tambaya, na ce kada zumunci ya ɓaci. Ruwan Agusta na farko katangar baya ta kwanta a gidan maƙwabci, Allah ya taƙaita ba kowa a wurin. Maganar da na ƙi yi a hankali sai na yi ta da ihu, muka shekara uku ba ma ga-maciji. Kawu bai kashe kuɗinsa a karatunka don ka riƙa cewa "to" ba, yana da yara da yawa masu faɗa masa haka kyauta. Abin da ya saya da kuɗin nan shi ne ranar da za ka hango abin da bai hango ba.

Umma kuma tsoro take ji kada a ce 'ya'yanta ba su san alheri ba, kuma tana da gaskiyarta, ita ta san daren da ta kwana ba ta san inda kuɗin makaranta zai fito ba. Kada ka cika ta da lissafin milimita, kada kuma ka sa ta zaɓa tsakanin ɗanta da yayanta. Ka ce mata, "Umma, in abin nan ya faɗo kan mutane, Kawu za a fara kamawa, sai ni. Rufin asirinsa nake nema." Ka roƙi addu'arta, ka yi mata alkawarin ba za ka ɗaga masa murya ba, ka kuma cika. In akwai wani dattijo a dangi da Kawu yake jin nauyinsa, ita ta fi ka sanin ko wane ne.

In duk an yi wannan Kawu ya kafe sai an ɗora yadda ake, to ka sauka. Ka rubuta masa takarda cikin ladabi, da kwanan wata, ka lissafa abubuwan da ba ka yarda da su ba, ka riƙe kwafi. Ka sa a cire sunanka a allon aiki, ka faɗa wa ma'aikata da bakinka dalilin tafiyarka. Amma takarda kai kaɗai take wankewa. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40, har da mai ginin, kuma kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da shi ya rubuta takardar janye hannu tun Fabrairun 2020. Su sun fita, leburorin da suke ciki ba su fita ba. Saboda haka ra'ayina, ko da zai yi maka nauyi, shi ne in ta kai ga haka ka faɗa wa Kawu ido da ido cewa za ka sanar da hukuma, sannan ka sanar. Kada ka yi a ɓoye ya ji daga baya. Zai yi fushi, ana iya daɗewa ba ya amsa gaisuwarka, wasu a dangi za su kira ka da sunan da kake gudu. Ka ci gaba da zuwa gaisuwar.

Ina kyautata zaton ba za a kai nan ba, domin mutumin da ya riƙe marayu har jami'a ba mai son jinin leburori a wuyansa ba ne. Abin gaggawa dai shi ne zubin. Muddin rodi yana a fili komai gyaruwa yake yi, da an rufe shi da kankare sai guduma. Gobe da safe ka roƙi Baba magini ya ɗaga zubin mako ɗaya, ka ce masa kana son babban injiniya ya duba ɗaurin, wanda kuwa gaskiya ne. Da dare ka je wurin Kawu. Ka rubuto mini abin da injiniyan ya ce game da fandishon.